Baƙin Mai a Lambun Ango

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Littafin awon kwastomomi ne wannan, amma shafukan baya babu komai a cikinsu, ni kuma bakina na ƙaiƙayi. Yau na yanke ciyawa. Ni ɗin nan, tela, mai shekara hamsin da biyu, wadda ko fartanya ban taɓa ɗauka da niyyar aiki ba.

Ango ne ya jawo mini. Mijina ke nan. Shekara talatin da ɗaya da aure har yau haka nake kiransa, don na san yana jin haushi. Shi ke kula da lambun ɗakin karatu na unguwarmu shekara ashirin da biyu, ya fi sanin itatuwan wurin a kan dangina. Tun Talatar da ta wuce yana asibiti. Ba zan rubuta Talatar nan ba.

Shekaranjiya Shugabar ɗakin karatun ta zo dubiya, ta ja ni gefe. Ta ce kwamiti zai zo duba wuri ranar 28 ga wata, kuma tuni akwai masu so a miƙa lambun ga wani kamfani mai mota da ma'aikata masu riga iri ɗaya. "In suka tarar da wurin ya zama daji, ba ni da bakin kare shi," in ji ta. Na ce mako ɗaya ne ko biyu zai dawo, kafin nan ni zan riƙe masa. Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, sannan ta miƙo mini makullin sito.

Injin yankan ciyawar ya kusa kai tsawona. Can baya akwai ɗan kai kamar butar shayi, shi ke ƙara. Can gaba kuma wani abu ne kamar ƙwarƙwaron keken ɗinki, an naɗa masa zaren roba, shi ke juyawa yana tsinke ciyawa. Da na ga zare sai hankalina ya kwanta. Duk abin da ke cin zare ɗan gidanmu ne.

Na yi masa abin da nake yi wa kekena kowace safiya: na goge shi tas, na jingine shi da bango, na buɗe murfin, na ba shi baƙin mai daga galan ɗin da Ango ya ajiye, na yi bisimilla. Sai a fizga ta goma sha ɗaya igiyar ta tayar da shi. Na yi ihu ban sani ba, wani tsoho mai karanta jarida a bakin taga ya tafa mini.

Zai dawo ya tarar da aikinsa yana jiransa. Abin da na sa a gaba ke nan.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Kafaɗun nan ba nawa ba ne. Da ƙyar na ɗaura ɗankwali.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya, babbar yayar Ango, ita ke zama da shi da safe, ni in karɓe ta da rana. Tana ganina ta toshe hanci.

"Amaryarmu, wane irin turare ne wannan?"

"Sabon fitowa ne, Yaya. Ba kowa ke samunsa ba."

Na zauna na ba Ango labarin fizga goma sha ɗaya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga yatsu biyu na hannun hagu. Yaya ta ce, "Cewa yake shi a biyu yake tayarwa." Kwance yake a gadon asibiti amma fariyar tana nan daram, abin ya yi mini daɗi har na rasa inda zan sa kaina.

Ya cinye abincinsa duka. Hannun daman yana hutawa. Maganar ma tana hutawa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na buɗe sito na tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa, daidai ƙarƙashin injin, girmansa kamar maɓallin kwat. Ina tsaye ina harararsa sai ga Shugaba ta shigo. Na ɗora ƙafa a kai, na tsaya ƙiƙam, muka yi hira ta minti goma ban motsa ba. Ta yaba gefen ƙofar shiga da na yanke. Da za ta fita ta ce, "Ki lallaɓa injin nan fa, kayan ɗakin karatu ne. Shi ma kwamiti zai duba shi."

Bayan ta tafi takalmina ya bi ni yana buga hatimi har bakin famfo.

Tunda zubarwa yake, ai dole a mayar masa. Na ƙara masa fiye da na jiya, bawan Allah.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Maɓallin ya haihu. Uku ne yau.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na saɓa injin a kafaɗa na ratsa layinmu da shi, matan layi suna leƙowa suna tambaya ko yaƙi aka fara. Wurin Mai Sifana na kai shi, bakaniken da ke ƙarshen titi, abokin Ango tun suna samari. Gyaran babura da janareto yake yi, amma babban aikinsa surutu.

"Uwargida," ya ce, "wannan ba irin waɗanda ake cakuɗa wa fetur da mai ba ne. Mai bugu huɗu ne, kamar babur. Fetur ɗakinsa daban, baƙin mai ɗakinsa daban. In kin ga mai a waje, to wata ƙofa ce ba ta rufu ba."

"Wace ƙofa, Malam?"

"Shi za mu tambaya. Amma ba a tambayar inji yana cikin datti. Kin taɓa wani abu a jikinsa?"

"Ni? Ban taɓa komai ba."

Ya juye man ciki a wani tsohon kwano, idonsa na kaina, yana ba ni labarin ranar da shi da Ango suka faɗa kwata a kan keke ɗaya. Na ji labarin nan ya fi sau ashirin, kwatar kullum ƙara zurfi take. Muka wanke injin muka goge. Ya duba murfin mai, ya zaro wani ɗan zoben roba da ya tsufa ya daskare, ya ɗaga shi sama kamar ya kama ɓarawo. Ya sa sabo, ya zuba mai.

Sai ya ce a samo hoda a barbaɗa, don duk inda mai ya ɓullo a gani. Na ce hoda ta me, ga allin tela a jakata? Na daka shi da gindin sifana, muka barbaɗe injin ya yi fari fat, na shimfiɗa masa ragowar farin yadi a ƙasa. Minti goma yana ƙara. Alli fari, yadi fari.

Mai Sifana ya buga ƙirji. Ni kuma na dawo gida ina 'yar waƙa, har na tsaya na sayi ayaba zan kai wa Ango.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Hayaƙi.

Na yi masa hidimarsa ta safe kamar kullum, na tayar, sai ga hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi yana tuttuɗowa daga bututun salansa. Tsohon mai jarida, wanda ya tafa mini makon jiya, ya miƙe a hankali ya rufe taga. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Ɗigo kuma ya biyo ni a kan dakalin tafiya, ɗis, ɗis, duk inda na bi. Na durƙusa da omo da buroshi na wanke kafin Shugaba ta fito. Duk da haka na gama gefen gabas. Na tsaya daga nesa na kalla, wallahi layin ya miƙe kamar da tef na auna.

Ango ya zauna da kansa a bakin gado yau. Hannun yana hutawa.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau ranata ce, bari in rubuta ta da kyau.

Mai Sifana ya kwance murfin saman injin, ya nuna mini wani siririn kwali da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kar mai ya sami hanya. Gaskit sunansa. Ya ce namu ya bushe, shi ne mai laifin. Ya zaga shago uku bai samu irinsa ba, sai ya dawo da fallen kwalin zai yanka da kansa. Na zuba ido ina kallo yana datsa da wata wuƙa mai tsatsa, harshe a waje. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, haƙurin ya ƙare.

"Ba ni nan, Malam. Kana yanka kamar kuna gaba da kwalin."

"Uwargida, wannan ba wuyan riga ba ne."

"Da wuyan riga ne da tuni mai rigar ta kai ka ƙara."

Na ɗora tsohon a kan fallen, na zana da alli, na ɗauko ƙaramin almakashina. Ramukan notoci kuwa da abin huda ramin igiyar riga na fasa su. Da ya ɗora, sai abin ya zauna ɗas, ko gashi ba zai ratsa ba. Mai Sifana ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce shekara arba'in yana aikin nan bai taɓa ganin gaskit mai kyan da za a iya zuwa biki da shi ba.

Ya koya mini ɗaure notocin: ba a gama ɗaya a koma ɗaya, sai nan kaɗan, can kaɗan, a gicciye, har su zauna tare. Haka nake kafa hannun riga, amma na bar shi ya ji daɗin koyarwa. Ya juye mai ya zuba sabo, muka barbaɗa alli, muka tayar. Fari fat.

Biyu na yanka. Ɗayan yana jakata.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai wa Ango gaskit ɗin. Na sa masa a hannun hagu, ya juya shi, ya bi gefen da babban yatsa, ya ɗaga shi wajen taga yana leƙa ramukan. Bakinsa ya yi ta motsi.

"Kyau," ya ce.

Kwana goma sha shida ke nan ban ji muryar nan ba. Na ce, "Ni ko kwalin?" Ya nuna kwalin. Yaya ta yi dariya har ta zame daga kujera, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu tuna akwai marasa lafiya. Na fita baranda na ɗan tsaya, na dawo na ce musu ƙura ce ta shiga idona.

Kalma ɗaya. Na yi ta maimaita ta a mota har gida.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ya sake zubarwa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Inda man ya ɗiga a kan ciyawa ta fara yin rawaya. Tabo shida na ƙirga kusa da bencin da ke ƙarƙashin babbar bishiya, inda Ango ya fi ji da shi.

Mai Sifana ya zo da kansa har sito. Ya buɗe wani ɗan akwati a gefen injin, ya zaro soson da ke tace iska. Jiƙe yake sharkaf, ya matsa mai ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Na wanke soson da sabulu na shanya a rana. Ya nuna mini wani siririn bututu da ya ce ta nan inji ke numfashi, ya sa baki ya hura, ya tofar, ya ce ba a toshe yake ba.

"Abin da ke ɗaure mini kai," ya ce, "a shagona ba ya zubarwa. Sai ya kwana a nan. Anya ba kewar mai shi yake ba?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba sosai. Ya ce in dai ba haka ba, to wata roba ce can cikin ciki ta mutu, sai an farke injin gaba ɗaya, kayan kuma ba za su iso kafin ƙarshen wata ba.

Shugaba ta tare ni a bakin ƙofa. "Yaya mai jiki? Yaushe muke sa ran ganinsa?"

"Mako mai zuwa, in Allah ya yarda."

Karo na uku ke nan ina faɗa mata haka. Ta gyaɗa kai kamar na farko ne. Matar nan tana da kirki, shi ya sa nake jin nauyinta.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Likita ya tsayar da ni a baranda. Takalminsa ruwan ƙasa ne, ɗinkin hannu, igiyar na hagu ta kusa kwancewa. Na kalli takalmin har ya gama magana. Na yi masa godiya.

Ango ya cinye abincinsa duka.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ban je lambu ba. Na ɗinka maɓalli goma sha ɗaya a rigar da ke buƙatar shida, sai da na warware.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ya dawo gida! Ya dawo gida!

Mai Sifana ne ya ɗauko mu a tsohuwar motarsa, wadda sai an ɗaga ƙofa da gwiwa take rufuwa. Ango ya shigo da ƙafarsa, da sanda, yana ɗan jan ta daman. Daga bakin ƙofa zuwa kujerarsa taku goma sha huɗu ne, ban taɓa sani ba sai yau. Ya zauna, ya dubi falon, ya dubi labulen da na canja ba da izininsa ba, ya yi tsaki. Tsakin ya fito tsaf, babu abin da ya taɓa shi.

Maƙwabta sun cika gidan, Yaya tana ta raba shayi tana ba da umarni kamar ita ta warkar da shi. Ni kuma na fito da rigunansa uku da na cire wa maɓallai na sa musu irin waɗanda ake dannawa da yatsa ɗaya. Yaya ta dube ni. Na ce yayi ne, duk samari yanzu haka suke so.

Kalmominsa sun kai tara. Akwai "ruwa", akwai "a'a", akwai "bari". "A'a" ta fi fitowa.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta goma ita ce "lambu". Sau biyar ya faɗe ta yau. Na ce sai ya ƙara ƙarfi, ya ce "a'a". Na ce akwai tabo shida da ba na so ya gani, ya ce "lambu".

Saura kwana biyar kwamiti ya zo, injin kuma yana nan yana zubarwa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Har yanzu dariya nake yi, rubutun zai karkace.

Da sassafe Mai Sifana ya kai mu. Muka ajiye wa Ango kujera a bakin sito. Ya daɗe yana kallon lambun, bai ce kyau ba, bai ce a'a ba. Ni kuma na shiga hidimata don in nuna masa injinsa a hannun ƙwararriya yake. Na goge shi. Na jingine shi da bango. Na buɗe murfin, na ɗauko galan.

Sai na ji ƙwas, sanda a ƙasa.

Na juyo. Idonsa na kan galan ɗin. Ya nuna shi, ya nuna ni, ya juya yatsa yana tambaya.

"Kullum mana," na ce. "Kowace safiya. Ka taɓa ganin na hau kekena ban ba shi mai ba?"

Sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Na yar da murfin na nufe shi, na zaci abin ne ya dawo. Ashe dariya ce. Rabin fuskarsa ke yin ta, amma rabin nan ya ishe ni. Hawaye na zuba, yana buga sanda, yana kokawa da bakinsa, har ya kamo maganar ɗaya bayan ɗaya.

"Ba… keke… ba ne."

Magana cikakkiya, mai kai da ƙafa, ta farko tun ranar Talatar nan. Kuma don ya ci mini fuska ya yi ta.

Da sandar ya yi sauran bayanin. Ya sa na kwantar da injin a ƙasa, a shimfiɗe. Ina buɗe murfin mai ya kwararo waje kamar an kira shi. Ashe a kwance ake dubawa, in man ya kawo bakin ramin shi ke nan, ba a ƙarawa. Ni kuwa a jingine nake zubawa, bakin yana kallon sama, yana ta karɓa. Mai Sifana ya ce duk cikin injin nan bai ɗaukar rabin kofin shayi. Abin da ya yi yawa sai ya bi bututun numfashi, ya jiƙa soso, ya ɗiga ƙasa, saura ya ƙone ya zama hayaƙi. Ni kuma in ga ɗigo, tausayi ya kama ni, in ƙara.

"Uwargida!" Mai Sifana ya riƙe kai da hannu biyu. "Ban tambaye ki ko kin taɓa wani abu ba?"

"Ba da mai taɓawa ne? Kai in ka wanke fuska da safe, shela kake yi?"

"Zobe! Gaskit! Har bututu na hura da bakina!"

"Kai kuma sau biyu kana juye man, ba ka taɓa duban yawansa ba. Kana can cikin kwata kai da abokinka."

Ango ya nuna shi da sanda, dariyar ta dawo sabuwa. Tsohon mai jarida ya buɗe taga ya tambaya ko lafiya.

Mako uku ina neman inda ke yoyo, ashe ni ce. Muka rage man daidai bakin rami, muka wanke soso, na yanke gefen yamma gaba ɗaya. Babu hayaƙi. Shekarata talatin ina alfahari ba a taɓa jin kekena ya yi ƙara don rashin mai ba, yau ga inda alfaharin ya kai ni.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ƙasan sito a bushe.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

A bushe. Hannuna ya kai kan galan sau biyu na janye shi. Da na dawo gida na ba kekena mai har sau biyu, don in huce.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An gama ko'ina. Na share dakali, na tattara ciyawar da aka yanke, na gyara gindin furanni. Tabon nan shida ba su ɓace ba, amma kore ya fara leƙowa ta gefensu.

Shugaba ta same ni ina wanke hannu a famfo. Ta ce gobe dole za su tambaya, me za ta ce musu? Na buɗe baki na ce, "Mako mai…" sai na koma wanke hannuna ban ƙarasa ba. Ta dafa kafaɗata ta koma ciki.

Littafin awo ne wannan, ban taɓa rubuta ƙarya a cikinsa ba, in ƙugun mace arba'in ne arba'in nake rubutawa ko za ta yi fushi. To bari in rubuta. Likita bai ce mako mai zuwa ba. Bai ce wata mai zuwa ba. Ya ce ƙafar za ta ƙara ƙarfi, maganar za ta ƙaru, hannun kuwa kar mu zauna jiransa. Injin nan da hannu biyu ake riƙe shi.

Ina tsoro. Mako uku na yi ina riƙe wa mutum aikin da ba zai iya karɓa ba.

Ban faɗa wa Ango ba, amma ɗazu ya nuna rigarsa mai ruwan toka, ta zuwa wurin manya, ya ce, "Gobe."

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Su biyar suka zo. Babbansu wani gajere ne mai tabarau, yana tafe hannu a baya. Na sa kayana mafi kyau. Ango yana kan kujerarsa a inuwa, sanda tsakanin gwiwoyi, Mai Sifana na tsaye a bayansa, yau ɗaya bakinsa a rufe.

Suka zaga. Suka shiga sito, ɗaya ya ɗaga injin ya leƙa ƙarƙashinsa, ya shafa ƙasa da yatsa, ya duba yatsan. Da suka iso kan tabon na ce ni na yi, yawan kirki ne ya jawo, na ba su labarin a taƙaice. Mutum uku suka yi dariya. Wani daga cikinsu, mai son a ba kamfani lambun, bai yi ba.

Sai mai tabarau ya tsaya gaban Ango, ya gaishe shi da girmamawa, ya juyo gare ni. "Wuri ya yi kyau. Yaushe zai koma bakin aiki?"

Kafin in sami abin faɗa sanda ta taɓa ƙafata, alamar in yi shiru. Ango ya ɗauki hannunsa na dama da na hagu, ya ɗora shi a kan gwiwa inda kowa zai gani.

"Ba… zan… iya ba."

Ashe ya sani. Ban san tun yaushe ba.

Mai son kamfani ya gyara murya ya ce to ai magana ta fito, Allah ya ƙara sauƙi, amma wuri na buƙatar mai hannu. Na ce ga hannu biyu nan lafiyarsu lau, su suka yi abin da kuka gani. Ya ce, "Baiwar Allah, ke tela ce. Da bakinki kika ce kin kusa kashe injin." Ba ƙarya ya yi ba.

Ango kuwa ba ya ma sauraronmu. Ya ƙura ido can ƙarshen lambun, ya ɗaga sanda.

"Can."

Kowa ya juya. Babu komai can sai bango da famfo. "Can," ya sake cewa, da fushi. Mai tabarau ya taka da kansa har wurin, taku wajen arba'in, ya leƙa bayan bututun famfon, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Da ya dawo yana goge tabarau da bakin riga.

"Ciyawa ce," ya ce wa 'yan uwansa. "Ba ta kai tafin hannuna ba. Mu biyar mun wuce ta sau biyu." Ya mayar da tabarau. "Mai wannan idon za mu sallama?"

Suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus. Ban ji abin da aka ce ba. Shugaba ce ta dawo, idonta ya yi ja, tana murmushi. Ta ce aikin yana nan da sunansa. Za a rubuta ni a ƙarƙashinsa, sharaɗin kawai mu riƙa zuwa tare.

Mai Sifana ya yi kabbara har tsuntsaye suka tashi. Na durƙusa gaban kujerar na ce, "Ango, ka ji? Lambunka ne. Ka ji abin da ta ce?"

Ya dube ni, ya dubi bayan famfo. "Can," ya ce.

Na tashi da kayana masu kyau, na ɗauko injin, na fizgi igiya. Na tafi har bayan famfon na yanke masa ciyawarsa. Na daɗe a wurin fiye da yadda aikin ke buƙata, na ba su baya, ƙarar injin ta rufa mini asiri ba wanda ya ji.

Da na kashe na juyo, ya riga ya ɗaga sandar yana nuna mini wani wurin.